Abubakar Imam: Malamin ajin da ya mayar da labari dabarar koyarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Gwari ta nufi Tegina, sai ya ratsa Pandogari kafin ya isa Kagara. Daji ɗaya ne ya haɗa waɗannan garuruwa, ko da yake iyakar jiha ta raba su, Birnin Gwari tana Kaduna, Kagara tana Neja.

A shekarun baya-bayan nan, in aka ji sunan yankin a labarai, galibi maganar 'yan bindiga ce da rufe makarantu. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai 27 daga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, tare da wasu ma'aikata da iyalansu. Wata guda bayan nan aka sace malamai uku a makarantar firamare ta ƙauyen Rama da ke Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari.

Sai dai a Kagaran nan ne aka haifi Alhaji Abubakar Imam a shekarar 1911, mutumin da littattafansa suka sa yaran ƙasar Hausa masu ɗimbin yawa son karatun boko. Yawancin mutane sun san shi a matsayin marubucin Magana Jari Ce kuma editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Abin da ake yawan mantawa shi ne da alli da allo ya fara, kuma kusan duk abin da ya rubuta daga baya amsa ce ga tambayar da ke damun kowane malamin aji: yaya za a yi yaro ya saurara, ya gane, kuma ya riƙe?

Daga Kagara zuwa Katsina

Imam ɗan gidan malamai ne. Asalin zuriyarsu daga ƙasar Barno suka fito, kuma mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne da ya yi alƙalanci. Kamar sauran 'ya'yan irin wannan gida, da karatun allo ya buɗe ido, sannan ya ɗora da littattafan Larabci.

Yayansa, Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, ya riga shi shiga harkar boko, har ya koyar a Kwalejin Katsina. A Katsinan ne Imam ya yi karatun boko, kuma a 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a hukumance a 1922.

Kwalejin ba ta ɗaukar ɗalibai da yawa, kuma shekara biyar ake yi a cikinta. Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, yana gabansa da shekara ɗaya. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma yana bayansa da shekara ɗaya. Dukkansu aikin malanta aka horar da su su yi.

Imam ya kammala a 1932, aka tura shi koyar da Ingilishi a Makarantar Midil ta Katsina yana da shekara 21.

Ajin da ba shi da abin karantawa

Malamin wancan zamani yana fama da wata matsala da malamin yau zai gane ta da sauri. Ana koya wa yaro haɗa baƙi da wasali a rubutun boko, amma da zarar ya iya, babu wani abin kirki da zai karanta. 'Yan littattafan da ke akwai na lissafi ne da kiwon lafiya da tarihi, mafi yawansu kuma fassara ce daga Ingilishi ko Larabci.

Karatu kuwa kamar noma yake, hannun da ya daɗe bai riƙe fartanya ba sai ya yi sanyi. Yaron da ya bar makaranta ba shi da littafin da zai ja hankalinsa, bayan 'yan shekaru sai karatun ya zube.

Don toshe wannan giɓi Turawan mulki suka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zauna a Zariya ta koma Hukumar Talifi. A 1933 shugabanta, Dokta Rupert East, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, aka sa gasa.

Littattafai biyar aka buga daga wannan yunƙuri. Akwai Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East, sai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Wa da ƙane daga gida ɗaya na Kagara suka samar da biyu daga cikin biyar ɗin.

Ruwan Bagaja labarin tafiyar Alhaji Imam ne wajen neman wani ruwan magani, yana ta karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kowa na ƙulla wa ɗan'uwansa tuggu. Marubucin bai ɓoye cewa ya amfana da Muƙamatul Hariri ba, littafin da almajiran ilimi suka daɗe suna karantawa a zaurukan ƙasar Hausa. Abin da ya ƙara shi ne raha da Hausar kasuwa da ta zaure, irin wadda yaro zai karanta ya fashe da dariya shi kaɗai.

Wata shida a Zariya

East ya ga baiwar da ke tattare da matashin malamin, sai ya nemi a ba shi aronsa. A 1936 Imam ya tafi Zariya, ya shafe kimanin wata shida, aikinsa guda: ya rubuta littattafan karatu don makarantu.

A nan malami ya koma ɗalibi. East ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, na Larabawa da na Indiya da na Turai. Imam ya karanta, ya zaɓa, ya rubuta, sannan su zauna su bi abin da ya rubuta suna gyarawa.

A tarihin rayuwarsa, wanda Abdurrahman Mora ya tsara aka buga a 1989, Imam ya ambaci wasu ƙa'idoji da ya koya a wannan zama. Ɗaya ita ce kada marubuci ya bar macuci ya yi nasara a kan mutumin kirki a ƙarshen labari. Wata kuma ta shafi fassara: kada a bi kalma da kalma, a nemo yadda Bahaushe zai faɗi wannan ma'ana da bakinsa.

Abin da ya fito daga wannan wata shida shi ne Magana Jari Ce, littafi uku masu ɗauke da labarai sama da 80, waɗanda aka fara bugawa a 1937. Bayan ya gama ya koma ajinsa a Katsina.

Dabarun da ke cikin Magana Jari Ce

Wanda ya karanta littafin yana yaro, labaran yake tunawa. Wanda ya sake karanta shi da idon malami zai ga tsarin koyarwa ne aka shimfiɗa daki-daki.

A littafi na ɗaya, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri ya ƙulla makircin da zai hallaka yaron da zarar ya fita daga fada. Bayi da dogarai ba su iya tsare Musa ba, aku ne ya tsare shi. Duk lokacin da ya yi shirin fita, sai aku ya ɗauko masa labari, har lokaci ya ƙure.

Wannan shi ne darasi na farko ga mai koyarwa. Yaron da hankalinsa ke waje, tsawa ba ta dawo da shi. Abin da ke zaunar da shi shi ne ɗokin jin abin da zai biyo baya.

A littafi na biyu, aku, wanda yanzu ya zama Waziri, ya shiga gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ na Sarkin Sirika. Wannan ya kawo nasa, wancan ya mayar masa da wanda ya fi shi. Mai karatu sai ya tsinci kansa yana alƙalanci, yana auna wanne ya fi ma'ana da kuma dalili. Malaman zamani suna kiran wannan koya wa yaro tunani da kwatantawa, kuma shi ne amfanin raba aji gida biyu a sa su muhawara ko kacici-kacici.

Littafi na uku shi ne ya fi kusa da aji. Waziri Aku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar magana. Yakan ba shi labari, ya tambaye shi abin da ya fahimta, ya sa shi ya kawo nasa, sannan ya nuna masa inda ya yi kuskure. Malami ya fara yi ɗalibi na kallo, su yi tare, daga nan ɗalibi ya yi shi kaɗai malami na gyara. Duk wanda ya zauna a kwalejin ilimi ya ji wannan mataki uku da wani suna, amma tun 1930 da 'yan kai yana nan cikin Hausa a bakin aku.

Akwai dabara ta huɗu da ta ratsa littattafan uku. Da yawa daga labaran baƙi ne. Wasu daga Dare Dubu da Ɗaya suka fito, wasu daga tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu Jamusawa masu suna Grimm suka tattara, shi kansa tsarin aku mai hana fita da labari yana da asali a adabin Indiya. Masana irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun bi diddigin wannan.

Amma Imam bai kawo su da rigarsu ta asali ba. Ya sa musu rawani da babbar riga, ya zaunar da su a fada da kasuwa da gona, ya ba mutanen ciki sunayen da yaro ke ji a unguwarsu. Sabon abu ya shigo ta ƙofar abin da yaro ya riga ya sani. Yawancin masu karatu har suka girma ba su taɓa zaton labaran ba na gida ba ne.

Bai tsaya a ƙagaggen labari ba. Ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi don 'yan makaranta, sannan shi da East suka wallafa Ikon Allah, wanda ke bayanin halittu da yadda duniya ke gudana. Ko sunan littafin dabara ce. A lokacin da iyaye da yawa ke ɗari-ɗari da boko, an gabatar da kimiyya a matsayin duban ikon Mahalicci, abin da babu mahaifin da zai hana ɗansa.

Jarida ta zama babban aji

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Imam ya bar Katsina ya zama editanta, ya riƙe ta kimanin shekara 12.

A shekarar da ta fara fitowa Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Aikin edita ya zama bayyana wa manomi da ɗan kasuwa ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba da makaman da ba su taɓa gani ba. Imam ya yi abin da ya saba yi a aji, wato misali da abin da aka sani, da karin magana, da gajerun jimloli.

Jaridar ta buɗe fili ga wasiƙun masu karatu. Wanda ya koyi rubutu jiya, yau ga sunansa da na garinsu a takarda. Ga mai koyo, babu ƙarfafa gwiwar da ta kai wannan. Kwafi ɗaya kuma yakan zaga hannu da yawa, mai karatu ɗaya ya karanta wa jama'a a dandali ko a zaure.

A 1943 yana cikin editocin Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tafiyar da ta haɗa shi da Nnamdi Azikiwe. A can ya gana da Lord Lugard, ya bayyana masa matsalolin Arewa, ciki har da ƙarancin ilimi. Da ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, don wanda bai je ba ya gani da idon wanda ya je.

Daga nan siyasa da aikin gwamnati suka ja shi. Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya halarci taron tsarin mulki na Ibadan a 1950, ya zauna a majalisa, ya kuma shugabanci Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Daga baya ya koma harkar ɗab'i a kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966. Duk da haka bai ajiye alƙalami ba, ya rubuta littattafan addini da tarihi, ciki har da Tarihin Annabi Kammalalle.

Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar Juma'a, 19 ga Yunin 1981, yana da shekara 70.

Inda ake da ja

Ba a rasa masu suka ba. Wasu manazarta na ganin hannun East ya yi nauyi a kan abin da aka rubuta, kuma hukumar da ta ɗauki nauyin aikin ta Turawan mulki ce mai manufarta. Wasu na cewa ya kamata a bayyana tushen kowane labari tun farko. Akwai kuma masu lura da cewa duniyar littafin ta sarakuna da fadawa ce, kuma mata ba kasafai suke fitowa da kyakkyawar sura ba.

Ta fuskar aji ma akwai iyaka. Magana Jari Ce ba littafin koyon baƙaƙe ba ne. Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ba zai iya karanta shi ba, sai dai a karanta masa. Labari yana buɗe ƙofa, amma ba ya maye gurbin zaman koyar da sautin haruffa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya rage wa malamin yau

A ƙarshen 2024 Gwamnatin Kaduna ta sanar da sulhu a yankin Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanun garin bayan ta daɗe a rufe. Inda hankali ya fara kwanciya, yara na komawa aji. Daga cikinsu akwai ɗan shekara 12 da rabonsa da makaranta tun yana aji ɗaya, akwai wanda bai taɓa shiga ba. Buɗe ƙofar makaranta abu ɗaya ne, abin da zai faru a cikin ajin kuma wani abu ne daban.

Matsalar ba ta Birnin Gwari kaɗai ba ce. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. A Kaduna kuma ba a manta da 2017 ba, lokacin da gwamnati ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. An yi ta muhawara a kan abin da malami ya sani. Ba a yi rabin wannan muhawara ba a kan yadda yake isar da abin da ya sani.

A nan rayuwar Imam ke da abin cewa, kuma abin da take cewa ba ya buƙatar kwamfuta ko wutar lantarki.

Malamin da ke da littafi ɗaya tak da yara 80 zai iya karanta musu labari da murya, ya tsaya daidai inda ya fi daɗi, ya tambaye su me suke ganin zai faru. Gobe zai ga wanda bai saba zuwa da wuri ba ya riga shi isowa.

Zai iya ɗebo kalmomi biyar daga labarin ya rubuta a allo, a rarraba su gaɓa-gaɓa, a sake haɗa su. Zai iya sa yaro ya maimaita labarin da bakinsa, wani ya gyara masa, kamar yadda aka yi wa Fasih. Wanda ya fara iya rubutu ya rubuta jimla biyu, a liƙa a bango da sunansa a ƙasa.

Haka lissafi. Yaron da ya tashi yana ganin ana auna masara da tiya ana ɗura ta a buhu, ya riga ya san tarawa da rabawa, sunayensu ne bai sani ba. Daga tiya za a fara, sannan a zo kan lambobin allo.

Ga yaran da suka ga tashin hankali da idonsu, zaɓen labari ma aiki ne. Na raha da na dabarar dabbobi sun fi dacewa da farko, ba na yaƙi da kisa ba.

Sai batun harshe. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a riƙa koyar da 'yan firamare da harshen uwa, sannan a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin. Masu goyon baya da masu adawa na nan suna ta kai-kawo. Abin lura shi ne Imam malamin Ingilishi ne, ya san darajarsa, da shi ya yi magana da Lugard. Amma da aka ce ya rubuta abin da zai sa yaro ya so karatu, da harshen da yaron ke mafarki da shi ya rubuta. Wanda ya iya karatu da Hausa, rabin aikin koyon karatun Ingilishi ya ƙare masa, domin ya riga ya gane yadda harafi ke ɗaukar sauti.

Har yanzu ana samun Magana Jari Ce a shagunan littattafai na Zariya da Kaduna da Kano, kusan shekara 90 bayan fitowarsa. Hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke neman abin da za su taimaka da shi, za su iya farawa da sa kwafi ɗaya a hannun kowane malamin firamare a ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Gwari da Kagara, tare da nuna masa yadda zai yi aiki da shi na minti 20 kowace safiya.